Ayurveda: Yadda Masu Maganin Indiya Ke Karanta Jikin Mutum

Sau da yawa akan ga 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suna cin tuwo a akushi ɗaya, amma ɗaya ya yi ta ƙiba, ɗayan kuwa kullum kamar sillen kara. Masu maganin gargajiya na ƙasar Indiya sun yi kamar shekara 2,000 suna neman dalilin wannan al'amari, kuma a kansa suka kafa ilmin da suke kira Ayurveda, watau ilmin rayuwa a harshen Sanskirit. Manyan littattafansa su ne Charaka Samhita, mai bayanin cututtuka da magungunansu, da Sushruta Samhita, wanda ya yi suna wajen fiɗa.

A ganin ma'abota wannan ilmi, abu biyar aka gina jikin ɗan Adam da su: sarari, iska, wuta, ruwa da ƙasa. Daga haɗuwarsu ne ɗabi'u uku suka fito, waɗanda ake kira dosha, kuma kowa yana da rabonsa tun ran da aka ɗauki cikinsa.

Wanda Vata ta rinjaya, watau iska da sarari, shi ne siririn nan mai busasshiyar fata, mai jin sanyi, mai saurin ganewa da saurin mantuwa. Motsi kaɗan ya farka daga barci. In ɗabi'ar ta yi masa yawa, sai fargaba da ciwon gaɓoɓi da taurin bayan gida. Mai Pitta kuwa, wuta da ruwa, ba ya jimirin yunwa ko zafin rana. Ga kaifin basira, ga saurin fushi, kuma ƙwannafi da ƙuraje ba su cika barinsa ba. Na ukun shi ne mai Kapha, ruwa da ƙasa, kakkauran mutum mai haƙuri da nauyin barci, wanda majina da kasala ke dama. Galibin mutane dai biyu ne suka gauraya a jikinsu.

Saboda haka mai magani, wanda suke kira vaidya, ba ya gaggawar miƙa ƙullin gari. Sai ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun majinyaci ya saurari bugun jini, ya duba harshe, ya tambayi cimarsa da barcinsa. Sa'an nan ya kashe kowace ɗabi'a da kishiyarta: mai Vata abinci mai ɗumi da maiƙo, mai Pitta ya rage yaji da tsami, mai Kapha ya rage zaƙi ya yawaita motsa jiki. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin ɗibbu ba zai ji wannan baƙon abu ba, don kuwa littattafan su Ibn Sina ma kan zafi da sanyi da danshi da bushewa suka auna jiki.

Gwamnatin Indiya ba ta ɗauki abin da wasa ba. A 1970 ta yi dokar tsara karatunsa, a 2014 ta kafa masa ma'aikata tare da sauran hanyoyin gargajiya, a 2022 kuma aka aza harsashin cibiyar maganin gargajiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya a garin Jamnagar.

To, amma fa akwai gyara. Har yau babu na'urar asibiti da ke auna Vata ko Kapha kamar yadda ake auna sukari a jini. Shawarar cima da barci ba ta da wata illa, sai dai in ta sa mai ciwon sukari ko hawan jini ya watsar da maganin likita. Babban haɗarin yana cikin ƙwayoyin da kansu, domin wani reshe na Ayurveda da gangan yake sarrafa ƙarafa cikin magani. A 2003 masu bincike a birnin Boston na Amurka suka sayi irin waɗannan magunguna guda 70 a kantuna, suka iske 14 daga ciki suna ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar asanik. Mutanen Nijeriya ba su bukatar a gaya musu aikin dalma, tun da ita ce ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Wanda ke shanta cikin magani kuwa yakan yi watanni bai ji komai ba, kafin ciwon ciki da ƙarancin jini su bayyana.