Gansakuka a tabki da basan: mafarinta da maganinta

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan bazara ta kama a ƙasar Adar, mukan ga ruwan tabki, da na basan ɗin garka, da na komin dabbobi ya koma kore. Mu kwashe gansakuka yau, bayan mako guda ta dawo. A wannan shafi za mu duba dalilin dawowarta, da hanyar da za mu bi mu rage ta.

Mece ce gansakuka?

Gansakuka ƙaramin tsiro ne na ruwa. Ba ta da saiwa, ba ta da ganye. Wata kamar zare take, wata kuma ƙanana ce ƙwarai, ido ba ya ganinta sai ta taru ta rina ruwa. Abu 3 take bukata: hasken rana, ruwa mai ɗumi wanda ba ya gudu, da abinci. Abincinta shi ne na gero da albasa, wato taki. Kashin dabbobi, takin zamani, ruwan wanki da ragowar abincin kifi duk taki ne a wurinta. Muddin waɗannan na shiga ruwa, kwasa kaɗai ba za ta raba mu da ita ba.

Amfaninta da illarta

Gansakuka kaɗan alheri ce, domin karfasa na cinta. Yawanta ne ɓarna. Da rana takan zuba wa ruwa iskar da kifi ke shaƙa. Da dare kuwa ita ma shaƙar iskar take yi. Idan ta yi yawa, kafin asuba iskar ta ƙare, sai mu ga kifaye sun taso sama suna buɗe baki. Idan kuma ta mutu gaba ɗaya ta ruɓe, ruwa ya yi wari, kifi ya mutu da yawa.

Wannan magana ta shafe mu. Tabkin Tabalak, mai nisan kimanin kilomita 50 daga birnin Tawa a kan hanyar Agadas, yana ciyar da masunta, makiyaya da masu noman rani. A shekarar 2005 aka sa shi, tare da tabkin Ɗan Dutsi, cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci ga duniya na yarjejeniyar Ramsar. Ruwan da jama'a da yawa ke rayuwa a kansa, kula da shi nauyi ne a kanmu duka.

Wadda ke da guba

Akwai wata iri mai launin kore da shuɗi, wadda ke kwanciya bisa ruwa kamar an zuba fenti. Wani lokaci takan fitar da guba mai lalata hanta ko jijiyoyi. Tun 1878 aka rubuta labarin tumaki da dawaki da ta kashe a bakin wani tabki na ƙasar Ostireliya. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botsuwana, hukumomin ƙasar suka ce gubarta ce sanadi. Mu riƙe wannan da kyau: tafasa ruwa ba ta kashe wannan guba. Idan mun ga irin wannan ruwa, kada mu sha, kada mu shayar da dabbobi, kada yara su yi wanka a ciki. Mu sanar da ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi.

Yadda za mu auna ruwan kifi

Mu tsoma hannu cikin ruwa har gwiwar hannu. Idan muna hangen tafin hannunmu dishi-dishi, ruwan ya yi daidai. Idan tafin ya ɓace tun ruwa bai kai gwiwa ba, gansakuka ta yi yawa.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu yanke mata abinci. Kada mu tara taki a bakin tabki ko kusa da basan. Mu yi wanki nesa da ruwa.

2. Mu shayar da dabbobi a komi, a gefe, domin kada su shiga ruwa su yi kashi da fitsari.

3. Mu tare ruwan sama tun daga tudu. Jerin duwatsu da itatuwa, irin aikin da aka soma a ƙasar Keita a 1984, suna hana ruwa kwashe ƙasa da taki zuwa tabki.

4. Mu kwashe mai kama da zare da sanda ko koma. Mu shanya ta nesa da ruwa, sa'an nan mu zuba ta cikin ramin taki.

5. Mu rage mata haske. Mu rufe basan da tanki da zana ko murfi. Mu wanke komi kowane mako, mu bar shi ya bushe a rana.

6. Mai kiwon kifi ya ba su abin da za su cinye nan take. Idan ruwa ya yi kore da yawa, ya dakatar da taki, ya rage abinci, ya zubar da kashi 1 cikin 3 na ruwan a garka, ya ƙara sabo.

7. Kada mu zuba maganin ƙwari ko wani magani mai ƙarfi cikin tabki. Zai kashe kifi, gansakuka kuwa ta dawo tunda abincinta na nan.

Masu ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi mai tsirrai, a manyan birane, wannan doka suke bi. Ba su barin fitila ta wuce kimanin awa 8 a yini, suna sauya wani ɓangare na ruwan kowane mako, suna kuma yawaita tsirrai domin su riga gansakuka cinye takin.

Wannan aiki na bukatar haƙuri, domin takin da ya kwanta a ƙasan ruwa ba ya ƙarewa rana ɗaya. Mu kai maganar cibiyoyinmu na yaƙi da jahilci, mu tambayi juna: ta ina taki ke shiga ruwan garinmu, kuma wa zai soma tare shi kafin damina ta sauka? Rigakafi ya fi magani.