Hutun Alhamis Da Labarin Tafiyar Ƙuruciya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sananne ne ga duk wanda ya taɓa riƙe allo cewa makarantar Alƙur'ani takan tashi ran Laraba, ba a komawa sai Juma'a da la'asar ko Asabar da asuba. Malamai suna ruwaitowa cewa asalin wannan hutu tun zamanin Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi ne, sa'ad da ya komo daga Sham, yaran makaranta na Madina suka fita tarbarsa nesa da gari, suka komo a gajiye, shi kuwa ya yi musu kyautar waɗannan kwanaki. To, har yau kolo da titibiri suna jiran Laraba kamar yadda manomi ke jiran ruwan shuka. Su kai wa malam kuɗin Laraba, su jingine alluna, gari na wayewa su nufi rafi wanki, waɗansu su shiga daji neman itacen hura wutar karatun dare. Gardawa kuwa su ɗauki allura da zare, su nemi inuwa su yi ta ɗinkin hula.

Shi ma malam ranar ce yake samun kansa. A kudancin ƙasar Kano, tun daga Bebeji da Kiru, har Tudun Wada da Doguwa inda ƙasa ta fara tashi zuwa duwatsun Riruwai, akan ga dattawa ran Alhamis da hantsi sun shimfiɗa tabarmi da buzaye gindin cediya ko durumi, malamai da fatake, abokan juna tun suna ƙolaye. Wani ya hawo babur daga Kafin Maiyaki, wani ya sauka daga mota a Kwanar Ɗangora ya ƙarasa, gama zumunta a ƙafa take. Kowa ya zo da ɗan abin hannunsa: wannan ƙwaryar fura da nono, wancan rake, bafatake kuwa ba ya rasa goro a aljihu. A gaisa, "Allah gafarta Malam, ina gajiya?" "Ba gajiya, Alhaji, yaya kasuwa?" In akwai Bazazzagi a wurin, ya shiga uku da ba'ar Kanawa, shi ma ya rama, a yi ta dariya. Sa'an nan hira ta miƙa. Ko ta fara da kuɗin taki da farashin masara, ba ta daɗewa sai ta karkata zuwa labarin hanya, domin da wuya a rasa wanda ya ga wata ƙasa tun yana yaro, ko wanda ya ji labarinta daga bakin mahaifinsa.

Dalili kuwa, wannan yanki tun asali bakin hanya ne. Bebeji tana kan turbar Kano zuwa Zariya, kuma Baturen nan Clapperton da ya bi ta cikinta a 1826 ya tarad da ita babban gari mai ganuwa, cike da 'yan kasuwa. Agalawa na cikin masu fataucin goro da suka zauna nan. Ayarinsu yakan tashi da rani, da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da baƙin rini da jar fata da gabu, madugu na shugabanta, jagaba na gaba yana neman zango, malamin ayari na riƙe da lissafi da addu'a. Su haye Kwara, su keta Bargu, su bi ta Jugu da Yandi, har su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja bayan watanni. Yara suna cikin ayarin nan, suna korar jakuna da rana, da dare su ɗauki allo gefen wuta. Alhaji Umaru na Karachi, malamin nan da ya cika ƙasar Gwanja da almajirai, haifaffen Kano ne na 1858, kuma bin mahaifinsa fatauci ne ya fara buɗe masa hanyar yamma. Can ya zauna, can ya rasu a 1934.

Amma wanda ba a tashi hirar nan ba a ambace shi ba, shi ne Alhasan Ɗantata. A Bebeji aka haife shi a 1877. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka, mahaifiyarsa kuwa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta bakin teku, ta bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Sunanta ne ya bi shi har ya zama sunan gida. Ya yi karatun allo a Bebeji, da ya ɗan tasa ya bi ayari ya je Ankara wurin uwa tasa, ita kuwa ta danƙa shi ga wani malami. Can idonsa ya buɗe ga teku da jirgin ruwa, kuma daga baya shi ne ya shiga cikin na farkon da suka riƙa ɗora goro a jirgi zuwa Ikko, maimakon tafiyar jaki ta wata da watanni. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya shige shi da ƙarfi. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Ya rasu a 1955. Fatake in sun kawo labarinsa sukan tsaya kan raƙuman nan, malamai kuwa sukan tsaya kan Tata da malamin Ankara. Su ce maraya ne, amma bai taɓa kwana ba a hannun wani ba.

Zamanin ayari ya wuce, amma hanyar yamma ba ta mutu ba. Cikin masu zaman nan akwai waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a zangon Kumasi ko Sabon Zango na Ankara, iyayensu na cinikin goro da shanu. Suna tuna tafiyar babbar mota ta Ikko da Kwatano da Lome, da ranar da suka fara ganin ruwan da ba a hango gaɓarsa, da yadda suka ɗanɗana shi suka tofar saboda gishiri. Suna tuna koko da ƙosai na safiya, da 'yan kalmomin Asante da har yanzu ba su ɓace musu ba, su faɗe su abokai su yi ta kwaikwayo ana dariya. Sa'an nan murya ta sauka, su tuna watan Nuwamba na 1969, sa'ad da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. Aka sayad da gidaje da rumfuna a wulaƙance, aka cunkusu cikin motoci, yaron da aka haifa a Kumasi ya tsinci kansa a ƙauyen kakansa da bai taɓa gani ba. Abin da ya cece su shi ne dangi ba su manta da su ba. Aka ba su ɗaki, aka yanka musu gona, aka sa yaran makaranta.

Hanya ta biyu ita ce ta gabas. Wannan ta malamai ce da alhazai. Ƙaramar tafiyarta ita ce ta almajirai zuwa tsangayoyin Barno neman harda. Babbar kuwa ita ce tafiyar Makka a ƙasa, wadda mutum kan sayad da gonarsa, ya raba gadonsa, ya ɗauki mata da 'ya'ya, ya yi sallama da gari sallamar da ba a sa ranar komowa. Daga Yarwa a haye zuwa Fort Lamy, wadda aka mai da sunanta Injamena a 1973, sai Abashe, sai Adare, a shiga Sudan ta Junaina, a wuce Fashir, a kai Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Guzuri in ya ƙare a tsaya a yi aiki. Da yawa sun yi shekaru suna tsinkar auduga a gonakin Jazira, suna sauka wurin 'yan'uwa a garin Mai Wurno, bakin kogin Nilu, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. In kuɗi ya taru a nufi Sawakin, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Yaro ya bar gida ana goye da shi, ya komo da gemu yana tsirowa, da Larabcin Sudan a bakinsa, da ƙannen da aka haifa a hanya. Waɗanda suka yi wannan tafiya da ƙafarsu sun yi ƙaranci ƙwarai, jirgin sama ya ɗauke alhazai tun tuni. In aka sami ɗaya a wurin hira, kowa yakan yi shiru ya ba shi fili. Yakan lissafa zango-zango kamar mai karanta tilawa, in ya iso inda aka binne uwa ko ƙane a gefen hanya, ya tsaya, a ɗaga hannu a yi fatiha.

To, a nan ne hirar takan zama shawara. Sau da yawa akan sami magidanci ya raɓo gefen tabarma, yana da yaro ɗan shekara shida ko bakwai, yana so ya tura shi birni karatu, hujjarsa ita ce tafiya mabuɗin ilmi, ga su nan duk sun yi ta. Dattawan ba su musun karin maganar. Abin da sukan tuna masa shi ne, yaron dā yana tafiya da abu uku. Na ɗaya, hannun da ke riƙe da shi, uba ne ko kawu ko malamin da uban ya sani ido da ido. Na biyu, guzuri, ko gonar malam da za a noma da damina a ci da rani. Na uku, masauki, gama kowane zango daga Salaga har Sawakin yana da sarkin zango da mai masauki da limami, baƙo ba ya kwana a titi. Malamin dā yakan fita ci rani da yara goma ko ashirin, ya san sunan uban kowa, ruwa na sauka ya komo da su. Wanda ya ɗora yaro a mota ya miƙa wa direba, ba hatsi, ba sutura, ba ziyara shekara da shekaru, ya ɗora wa malam guda nauyin yara ɗari, bai yi abin da magabata suka yi ba, ko da ya ari sunansa. An ga sakamakon haka a 2020, shekarar annobar korona, sa'ad da gwamnonin Arewa suka riƙa kwashe almajirai cikin motoci ana mai da su jihohinsu. Hanyoyin ma sun sāke. Fitinar da ta tashi a Barno a 2009 ta tarwatsa tsangayoyi masu yawa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 kuwa ya bi ta kan garuruwan nan da alhazai ke lissafawa.

Saboda haka shawarar da akan ba shi ita ce, ya bar yaron gabansa ya yi karatu wurin malamin unguwa har ya iya wanke rigarsa, ya san hannun damansa. In ya tasa, kuma lalle sai ya tafi, uban ya kai shi da ƙafarsa, ya ga inda zai kwana, ya ajiye buhun hatsi, ya kuma riƙa leƙawa. Wani ya ji ya bi, wani ya yi godiya ya tashi ya yi abin da ya riga ya ƙulla.

Azahar na yi a tashi a yi alwala, a gabatad da wanda ya fi shekaru. Bayan salla a rarraba sauran goro, na Doguwa ya yi haramar tafiya don ya keta dajin Falgore da sauran rana. Yaran da suka komo daga wanki, waɗanda tun ɗazu suke laɓe bayan itace suna saurare, su zo su naɗe tabarmi, suna gardama a kan ko Sawakin ta fi Kumasi nisa. Zai yi kyau gardawa masu hannun rubutu su ɗauki alƙalami su rubuta zangunan nan daga bakin masu su tun suna raye, a ajiye cikin gafaka tare da sauran takardu.

Allah ya jiƙan magabata da suka rasu a gida da waɗanda suka rasu a hanya, ya raya zuriya, ya ba iyaye da malamai ikon riƙon amana. Amin. Wassalamu.