Golan Kurket: Aikin Mutum Biyu a Wuyan Mutum Ɗaya

Yaron da ke tsaron raga a filin firamare na Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba, yana da wata baiwa da ba a gaya masa ba. Mahendra Singh Dhoni na Indiya ma gola ne a makarantarsu ta Ranchi, kafin malamin wasanni ya lura da hannunsa ya mai da shi golan kurket. Ya yi aikin duba tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Kharagpur, daga baya ya ja ragamar ƙasarsa ta ci kofin duniya na gajeren wasa a 2007 da babban kofin duniya a 2011, ya kuma ɗauki kofin gasar IPL ta Indiya sau biyar da Chennai Super Kings.

Ga yadda aikin yake. Ana kafa sanduna uku, a ɗora ƙananan itace biyu a kansu. Mai jifa yana neman ya kayar da su daga nisan mita 20, mai bugu yana karewa da katako. Shi kuwa golan, wato mai tsaron sanduna, yana tsugune a baya, kuma shi kaɗai aka yarda ya sa safar hannu cikin mutum 11 masu tare ƙwallo. A wasan yini biyar, jifa kusan 540 ake yi kowace rana: duk jifa sai ya tsuguna ya miƙe, ƙwallo mai tauri, nauyinta kusan giram 160, tana nufo yatsunsa. Da ɓangarensu ya karɓi bugu, sai ya ɗauki katako da wannan gajiyar a gwiwa.

A da, in hannunka na kamu, an yafe maka raunin bugu. Adam Gilchrist na Ostireliya ne ya kashe wannan rangwame. Maki 149 ya ci daga jifa 104 a wasan ƙarshe na babban kofin duniya na 2007, yanzu kuma babu mai zaɓen 'yan wasa da zai kalli mai tsaron da ba ya bugu. Ni dai ina ganin an matsa wa masu tsaron sanduna da yawa, domin kamun da aka yi daidai ba ya jan tafi, wanda ya kuɓuce ne ake tunawa.

Gurbin kuma ɗaya ne tak a kowace tawaga. Gilchrist kansa sai da ya bar jiharsa ya koma Yammacin Ostireliya neman wuri, ya jira mai riƙe da gurbin a tawagar ƙasa, Ian Healy, har 1999. Mark Boucher na Afirka ta Kudu, wanda ya fitar da masu bugu 555 a wasannin yini biyar, ɗan itacen kan sanda ne ya faɗa masa a ido a Ingila a 2012, sana'ar ta ƙare nan take.

Mu ma ba baƙi ba ne a wasan. Tun 1904 Legas ta kara da Gwalkwas, Gana ta yau, kuma Sardauna ya buga shi a Kwalejin Katsina. Sulaimon Runsewe, mai tsaron sanduna kuma mai bugu, yana cikin matasan da suka je kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 19 a Afirka ta Kudu a 2020, ya kuma haura babbar tawagar Nijeriya. Kyaftin ɗinsu a wancan zuwa, Sylvester Okpe, a Kaduna ya koyi wasan. A Janairun 2025 'yan matanmu suka doke New Zealand da maki biyu a Malesiya.

Ƙasar Zuru, wadda Dirin Daji ke cikinta, inda kokawa ke gina ƙugu da cinya tun ƙuruciya, wuri ne da ya kamata Hukumar Kurket ta Nijeriya ta aika masu horarwa da safar hannu.