Taswirar da Jama'a Suke Zanawa da Kansu

Har zuwa farkon wannan ƙarni, zana taswira galibi aikin hukumomin safiyo ne da sojoji, kuma a ƙasashe da yawa wanda yake buƙatar bayanan da suka tattara sai ya biya kuɗi ya kuma amince da sharuɗɗa masu tsauri. Wannan ƙunci ne ya sa Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a Ingila a shekarar 2004, wato taswirar duniya da kowa yake da damar ƙara mata hanya ko gini ko suna, kuma kowa yake iya ɗaukar bayananta kyauta. Hukumomi ma sun sassauta daga baya, domin Amurka ta buɗe hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat ga kowa a 2008, hukumar Ordnance Survey ta Birtaniya kuma ta saki wani kaso na bayananta a 2010.

Amfanin OpenStreetMap ya fito fili ne bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010, lokacin da ɗaruruwan 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka zana titunan birnin Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, har masu aikin ceto suka dogara da abin da suka zana. Yadda aikin yake gudana ba shi da wuyar fahimta: ana yanka hoton yankin da aka ɗauka daga sama gida-gida a raba wa mutane, kowa ya zauna gaban kwamfutarsa yana bin kusurwoyin rufin da ya gani da layi, sannan ya yi masa alamar gini, wani wanda ya fi shi gogewa kuma ya duba aikin. Sai dai mai kallo daga sama rufi kawai yake gani, ba zai iya bambance makaranta da sito ba, bai san sunan unguwa ba, bai kuma san cewa hanyar da ya zana takan yanke da damina ba.

Wannan giɓin ne aka ci karo da shi a yaƙi da cutar shan inna a arewacin Nijeriya, inda taswirorin da ma'aikatan rigakafi suke zanawa da hannu sukan tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka. Hotunan tauraro sun nuna matsugunan da aka manta, amma sai da aka tura mutane mazaɓa-mazaɓa suna tambayar masu unguwanni sunan kowane wuri kafin taswirar ta zama abin aiki.

Akwai kuma batun mallakar bayanan taswirar. Tun 2012 bayanan OpenStreetMap suna ƙarƙashin lasisin ODbL, wanda ya wajabta wa mai amfani da su ya ambaci tushensu, idan kuma ya gyara su ya fitar ga jama'a, to ya saki gyaran bisa sharuɗɗa iri ɗaya. A Disamban 2022 kamfanonin Amazon da Meta da Microsoft da TomTom suka kafa gidauniyar Overture Maps, wadda take haɗa waɗannan bayanai da nasu. Shigowarsu ta kawo kuɗi da na'urori masu gano gine-gine da kansu, amma kamfani yakan fi kula da titunan da motocinsa na kai kaya suke bi, ba hanyar kasuwar ƙauye da jakuna da babura suke bi ba, wadda har yanzu sai mazaunin wurin ne zai saka ta.