Motar Kombi: Injin da Iska Ke Sanyaya Shi

A 1950 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera Kombi, ba da jimawa ba kamfanin Westfalia ya shiga mayar da ita ɗakin kwana na matafiya, da gado da teburi da ɗan wurin girki. Irinta ce ta yi danfo, wato motar haya, a Legas shekaru da dama.

Injinta a baya yake, kuma ba shi da lagireto. Fanka ce ke hura iska a kan silinda huɗu, baƙin mai ya kwashe sauran zafin. Shi ya sa fanbel ya zama ran motar. In ya tsinke direba bai ankara ba, cikin 'yan mintuna injin zai soye. Robar da ke zagaye ɗakin injin ma, wadda masu gyaran ganin-dama ke yarwa, ita ke hana iska mai zafi komawa ciki.

Masu riƙonta suna juye baƙin mai duk kilomita 5,000, su saita bawul a kan milimita 0.15 tun injin yana da sanyi. Wasu kuma kan ƙara girman injin don hawan tudu. A ganina, a fara da birki da tsatsar ƙasan mota tukuna.