Kafin ka fasa bangon ɗakin girki

Ƴan uwa manoma, an gama girbi, rani ya shigo, lokacin gyaran gida ke nan. Ƙasar Gaya, cikin jihar Dosso, ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara. Saboda haka bangon laka yakan sha wuya a nan. A damanar 2024, ambaliya da rushewar gidaje sun kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasarmu.

Amfanin kafar hayaƙi

Ɗakin girki marar kafar hayaƙi gidan cuta ne. Hayaƙin itace yana kawo tari, da ciwon ido, da ciwon huhu, musamman ga mata da goyonsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 kowace shekara. Shi ya sa magidanta da yawa suke fasa bango, su buɗe taga ko su kafa bututun hayaƙi. Waɗansu kuma suna haƙa alkuki kusa da murhu don ajiye fitila da kayan miya. Aikin yana da kyau, amma in an yi shi da ganganci, ɗaki yana iya faɗa wa mai shi.

Bangon da ke ɗauke da rufi

Da farko ɗaga kai ka dubi azara. Bangon da kawunan azara suka kwanta a kansa, shi ne ke ɗauke da nauyin rufi. Irin wannan bango ba a taɓa shi sai da magini. In ka ga tsaga, ko danshi a gindinsa, ko gara, to a gyara wannan tukuna. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda ake aikin

1. A fitar da yara da dabbobi. A yayyafa wa bango ruwa kaɗan don rage ƙura, mai aiki kuma ya rufe hanci da ƙyalle.

2. A tokare rufi da itace mai ƙarfi kafin a ciro tubali ko ɗaya.

3. A nisanci kusurwar ɗaki da kamu biyu aƙalla.

4. A fara shigar da guntun azara a saman inda za a buɗe, ya shiga bango kamu guda dama, kamu guda hagu. Azarar namijin giginya, irin ta Dallol Mawuri, ita ta fi ƙarfi, gara kuma ba ta cinta da sauri.

5. Sannan a ciro tubali ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa.

6. Zurfin alkuki kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango.

Wanda zai rushe tsohon bututun hayaƙi, ya fara daga bisa rufi. Kada ya cire gindi ya bar sama a rataye. In sabo za a gina, kada ya taɓa azara ko ciyawa, don gudun gobara. A riƙa share kunkunniya, domin tana kama wuta.

In an zuba siminti, a riƙa ba shi ruwa kwana 7. Ba ya gama yin ƙarfi sai bayan kwana 28, don haka kada a yi gaggawar cire itacen tokara.

Jama'a, kuɗin magini bai kai kuɗin asibiti ba. Ku karanta wannan shafi a ajin yaƙi da jahilci, ku kuma karanta wa maƙwabtan da ke shirin gyaran gida kafin ruwa ya sauka.