Cutar Kwamfuta Ta Shigo Gida: Mene Ne Abin Yi?

A gidajenmu na zango, daga Nima har Kumasi, kwamfuta guda ce ke yi wa kowa hidima: aikin makarantar yara, lissafin kantin maigida, ga hotunan biki da suna. Sau da yawa kuwa cutar ba ta intanet take shigowa ba. Filas ɗin nan da aka kai shagon buga takardu shi ke kwaso ta. Ka dawo ka soka, sai ka tarar fayilolinka sun rikiɗe sun zama 'yan alamu masu kibiya. Kul ka buɗe ko ɗaya, domin buɗewar ce ke tayar da cutar. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi.

Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender kyauta. A sabunta shi, a yanke intanet, sannan a zaɓi Offline scan, wanda zai sake kunna na'urar ya bincike ta kafin cutar ta farka. Filas ɗin ma a bincike shi daban. Kalmomin sirri na imel da banki kuwa, a canza su ta wata wayar mai lafiya.

Babban laifinmu shi ne ƙin sabunta na'ura don tsimin data, da amfani da Windows na sata. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris.

Hotunan nan kuma a kwafe su a wani faifai, a zare shi a ajiye cikin akwati.